Hachimou Mai Idon Rijiya

Hachimou ya iso Sabha a shekarar 1974, a bayan wani kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya ɗauko tumaki daga Agadas. Fari ne ya koro shi, kamar yadda ya koro dubban mutane a shekarar, sai dai shi ba manomi ba ne. Ɗan Mirriya ne, kusa da Damagaram. Ya yi makarantar fasaha a Maraɗi, ya kuma yi aiki a Yamai a ofishin masu awon ƙasa, inda shi ke gyara musu na'urorin nan masu ƙafa uku da ake leƙawa a daidaita hanya. Yana son aikin ƙwarai. Amma da rumbunan gidansu suka ƙare, iyayensa da ƙannensa da matarsa Hindatou duk suka koma kallon hannunsa, albashin Yamai kuwa bai isa ba. Yaou, yayan Hindatou, wanda ya riga shi zuwa Libiya, ya aiko masa da saƙon baki cewa ya taho, can ana neman ma'aikata ba a samu.

Sabha a lokacin kullum cikin gini take. Arzikin mai ya gangaro daga arewa, ana shimfiɗa kwalta, ana ta da benaye, manyan motoci na shigowa da siminti suna fita da yashi. Hachimou ya sauka ɗakin su Yaou a unguwar Hajara, ya fara da dakon bulo kamar kowa. Bai daɗe ba ya samu shiga wani shagon ɗaukar hoto kusa da kasuwa, domin kowane baƙo yana bukatar hoton iƙama, wato takardar izinin zama, mai shagon kuma tsoho ne, idonsa ya fara rauni. Can Hachimou ya koyi wanke fim da buga hoto. In ba ciniki, sai ya kwance tsofaffin kyamarorin da suka mutu ya ga yadda aka jera ƙwayoyin gilashin cikinsu.

Daura da shagon akwai teburin Mijinyawa, wani Bakano mai sayar da agogo da tabarau da rediyo. Tun ranar farko suka ƙulla wasan Kanawa da Damagarawa. Mijinyawa ba ya kiransa sai da "bawana", shi kuma yakan ce Bakano ko iska ya samu zai sa mata farashi. Duk agogon da ya gagari Mijinyawa, shagon hoto yake tsallakowa da shi.

Wata rana wani Balarabe dogo, mai suna Mabruk, ya tsaya gaban teburin Mijinyawa da akwatin katako a hannu. Injiniya ne, su a can muhandis suke cewa. Na'urarsa ta awo ta faɗo daga mota, yana neman wata 'yar kusa da ta karye. Mijinyawa ya duba ya girgiza kai, sannan ya ɗaga murya.

"Bawana! Fito ga aikinka ya zo."

Hachimou ya buɗe akwatin ya ga irin na'urar da ya saba da ita ce a Yamai. Ya leƙa, ya juya ta, ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Ba kusar ce kaɗai ba, ya muhandis. Madubin ciki ya goce. Ko ka sa kusa, awonka zai yi ƙarya."

"Za ka iya gyarawa?"

"Ka dawo bayan la'asar."

Da Mabruk ya dawo, suka fita bakin titi suka gwada ta a jikin sandar lantarki, ta yi daidai. Ya tambaye shi inda ya koya. Hachimou ya ba shi labarin Maraɗi da Yamai. Mabruk ya ce, "To me kake yi a nan kana ɗaukar hoton fuskokin mutane? Muna da injuna suna mutuwa ba mai duba su." Kafin wata ya ƙare Hachimou ya koma ma'aikacin gyara a wani babban aikin noma na gwamnati da ke kan hanyar Tamanhint, a ƙarƙashin Mabruk. Yaou ma can yake leburanci.

Gonar abin mamaki ce ga wanda ya baro fari a gida. Tsakiyar hamada, ga alkama kore shar, ga ciyawar dabbobi, ruwa na fitowa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfin da in ka jefa tsakuwa ba za ka ji faɗuwarta ba. A can ƙasan kowace rijiya akwai famfo mai aiki da lantarki. Matsalar ita ce yashi. Rijiya takan yi watanni tana ba da ruwa garau, rana ɗaya sai ta fara haɗowa da yashi, ba wanda ya sani, yashin ya yi ta cin farfelar famfon har ya ƙone. Daga nan sai a kawo injin ɗaga kaya, a zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, a jira sabon famfo daga ƙetare, alkama kuwa tana bushewa.

Wajen irin wannan zarowar ne bututu ya kuɓuce ya datse wa Yaou yatsu biyu na hannun dama. Hachimou ne ya ɗaure masa hannun da rawaninsa, ya riƙe shi a bayan mota har asibitin Sabha. A hanya Yaou bai yi kuka ba, sai dai ya yi ta cewa, "Famfon nan kwana biyu yana wani irin gurnani, na faɗa musu." Maganar ta zauna wa Hachimou a rai. Famfo na kuka ne bayan yashi ya riga ya cinye shi. Abin da ake bukata shi ne a ga yashin tun yana fara shigowa.

Ya je wa Mabruk da shawara. Za a huda bututun da ke fitar da ruwa a bakin rijiya, a sa masa tagar gilashi biyu masu kallon juna. A ɗaya a sa ƙwan fitila, a ɗayan a sa ƙwayar nan mai jin haske, irin ta cikin kyamara. Muddin ruwa garau ne, haske zai ratsa. Da zarar yashi ya shigo, haske zai dushe, ƙwayar ta ji, ta katse wa famfo wuta. Mabruk ya duba zanen da Hachimou ya kawo, sannan ya ce ya ba shi rijiya guda ya gwada.

Mijinyawa ne ya tattaro masa kayan: matattun kyamarori, gilasan agogo, fitilun mota. Na'urar ta yi aiki makonni, kowa yana yabo. Sai a wata ranar hutu ta kashe famfo alhali ba yashi ko ƙwaya. Mai gadi bai san yadda ake tayar da shi ba, kuma ga iskar gibli mai zafi ta taso daga kudu. Kafin a dawo aiki, gefe guda na gonar ya ƙone. Da Hachimou ya kwance na'urar, sai ya ga ruwan rijiyar ya shafa wa gilashin wani jan danƙo kamar tsatsa. Hasken ya dushe, na'urar ta ɗauka yashi ne.

Mabruk ya sha faɗa daga manyansa, shi ma ya sauke wa Hachimou nasa. "Na tsaya maka, ka kunyata ni. Cire abin nan, kada in sake ganinsa." Hachimou ya koma bakin rijiyar. Ya cire, ya sa a buhu ya kai gida.

A wannan lokacin ya riga ya ɗauko Hindatou daga Mirriya, suna zaune a ɗaki biyu a Hajara da 'yarsu Safoura tana rarrafe. Watanni ya yi yana zuwa aiki yana dawowa ba walwala. Ya gwada goge gilashin da burushi mai juyawa, burushin ya lalace. Ya gwada wasu gilasan, duk danƙon ya kama su. Hindatou ta gaji da ganin buhun a bayan ƙofa. Wata Juma'a da hantsi tana tace ruwan sha da farin ƙyalle, ta ce masa, "Malam, wai mene ne ainihin abin da ya gagara? Faɗa mini da Hausa, ban da Faransancin nan naka."

Ya yi mata bayani: na'urar ba ta iya bambance dattin gilashi da dattin ruwa.

Ta ɗauko kwalabe biyu da suka daɗe ana zuba ruwa cikinsu, duk sun yi jirwaye. Ta cika ɗaya da wanda ta tace, ɗaya da wanda ba ta tace ba, ta ɗaga su wajen ƙofa. "Ni dai haka nake yi. Duk kwalaben sun dushe, amma in na jera su ina gane wanda ke da laka."

Hachimou ya karɓi kwalaben ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ce, "Ido biyu." Ta ce me? Ya ce, "Ido biyu za a yi mata. Ɗaya ya kalli ruwan rijiya yadda ya fito, ɗaya ya kalli ruwan nan dai bayan an tace yashinsa. Danƙon zai kama gilasan duka daidai wa daida. Kada ta tambayi ko haske ya dushe, ta tambayi ko ɗaya ya fi ɗaya dushewa." Hindatou ta ce to Allah ya sa, amma ya dawo mata da kwalabenta.

Haɗa sabuwar na'urar ya ɗauke shi kusan rabin shekara. Ya gwada ta a tsakar gida da durom da tiyo, Yaou na zuba yashi da hannunsa na hagu, shi kuma yana shafa wa gilasan tsatsa da gangan. Sai da ya tabbata ba ta ruɗuwa sannan ya koma wurin Mabruk. Mabruk ya ƙi. Ya sake komawa, ya sake ƙi. A karo na gaba Hachimou ya ce, "Kada ka haɗa ta da wutar famfo. Ƙararrawa kawai za ta buga. In ta yi ƙarya, ba abin da zai ƙone sai kunnen mai gadi." Mabruk ya yi dariya ba da son ransa ba, ya ce ya je ya sa.

Watanni suka wuce ƙararrawa ba ta yi motsi ba, gilasan kuwa sun yi ja wur. Ranar da ta buga, ana tsakiyar shan shayin safe ne. Ma'aikata suka ruga bakin rijiya. Ruwan da ke fita a ido garau yake, har wani ya ce ga ta nan ta sake yin halinta. Hachimou ya ce a kashe famfo, ya tari ruwan a farin bokiti, ya ajiye a inuwa. Mutane suka kewaye bokitin. Da ruwan ya kwanta, Mabruk ya tsuguna ya sa yatsa a gindin bokitin, ya ɗago, ya murza. Yashi ne, mai laushi kamar gari. Ya miƙe ya rungume Hachimou a gaban kowa yana cewa, "Ma sha Allah, ya muhandis!" Ranar ce aka fara kiransa da wannan sunan. Yaou ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku sama yana kabbara, leburori 'yan Nijar suka amsa masa. An rage wa famfon gudu, yashin ya lafa, famfon kuma ya ci gaba da aiki shekaru.

Kafin shekara ta zagayo an sa na'urar a dukkan rijiyoyin gonar, an kuma haɗa ta da wuta. Sauran gonakin Fezzan, wato yankin da Sabha take, suka aiko a yi musu. Larabawa suka sa mata suna da harshensu, Hausawa kuma suka ce idon rijiya, sunan ya bi mai ita.

Kamfanin ƙetaren da ke kawo famfunan ya turo wakilinsa. Ya duba na'urar, ya yaba, ya ce kamfaninsu zai yi mata rajistar mallakar ƙirƙira a Turai, ya riƙa ƙera ta da kyau, Hachimou kuma a ba shi kyauta mai tsoka. Hachimou ya karanta takardun da Faransanci har ƙarshe, ya ga ba sunansa ko'ina. Ya tura su gaban wakilin.

"Ku ƙera, ban hana ba, kun fi ni kayan aiki. Amma wurin da aka rubuta wanda ya ƙirƙira, sunana za a sa."

Wakilin ya ce ba haka suka saba ba, kuma shi Hachimou ba shi da digirin injiniya. Mabruk, wanda ke zaune gefe, ya ce, "A rijiyarmu aka yi ta, a gabana. In ba sunansa, ba na'ura. Kuma famfo ba ku kaɗai ke sayarwa ba." Aka yi ta kai da kawowa har Tarabulus, babban birnin ƙasar. A shekarar 1978 takardar mallaka ta iso, da hatimi, da zanen ido biyu, da sunan Hachimou Illiassou a rubuce. Mijinyawa ya sa aka yi mata firam, ya ajiye ta a teburinsa mako guda yana nuna wa duk mai wucewa, yana cewa bawansa ne ya yi.

Maganar digirin ta tsaya wa Hachimou a wuya, ba don wakilin ba, sai don ya san akwai lissafin da yake yi da lalube. Mabruk ya nema masa gurbi, hukumar gonar ta ɗauki nauyinsa, ya tafi Tarabulus karatun injiniyan lantarki yana da shekara talatin da 'yan kai, cikin samarin da ya girme su nesa ba kusa ba. Shekarar farko ta ba shi wuya saboda Larabcin littafi da Turanci. Hindatou ta zauna Hajara da yara, tana saƙar huluna Mijinyawa na sayar mata. Duk hutu yana gida, rabin hutun kuma a bakin rijiya.

Aikin kammala karatunsa shi ne ƙirƙirarsa ta biyu. Na'urar farko tana faɗa maka yashi ya shigo, amma ba ta faɗa maka ta ina. In bututun rijiya ya tsage can ƙasa, sai dai a yi ta zato, wani lokaci a rufe rijiyar ɗungum a haƙa sabuwa. Akwai kyamarorin da ake zurawa rijiya a ƙasashen waje, amma ƙasa suke kallo, bangon kuwa sai a gefen hoto yake fitowa a murɗe. Hachimou ya yi tunanin sa madubi mai siffar malfa a gaban kyamarar, tsininsa na kallon ta, yadda zai tattaro bangon rijiyar duka kewaye ya zuba shi cikin hoto ɗaya. Ya kuma lissafa wani madubin na ɗakin wanke hoto da zai warware da'irar ta koma shimfiɗe kamar tabarma. Ba inda ake sayar da irin wannan madubin. Wani maƙerin azurfa ɗan Agadas, Attahirou, da ke zaune a Sabha, shi ya zuba masa shi da tagulla, ya shafe da azurfa, ya yi ta gogewa. Sun zubar da da yawa kafin su samu wanda fuskar mutum ke fita a jikinsa ba tabo.

An fara zura ta ne a wata rijiya da aka riga aka yanke shawarar rufewa. Kyamarar na cikin gwangwanin ƙarfe mai bangon gilashi, da fitilu kewaye, tana sauka a hankali a jikin waya, tana ɗaukar hoto kowane taku. Da aka fito da ita Hachimou ya kai fim ɗin tsohon shagon da ya fara aiki, ya wanke da hannunsa. Ya fito da hotunan suna ɗigar ruwa, ya jera su a kan teburin Mijinyawa, tsakanin agogo da tabarau. Ga bangon bututu nan fes, ga haɗin ƙarfe, ga kuma tsagar, baƙa, mai tsawon hannu, yashi na kwararowa ta cikinta kamar hayaƙi. Mutanen kasuwa suka taru. Wani tsoho mai haƙar rijiya daga Tawa ya riƙe hoto ɗaya ya ƙi saki, yana cewa shekara arba'in yana shiga rijiya bai taɓa zaton zai ga cikin wadda mutum ba ya iya shiga ba. An liƙe tsagar da siminti, rijiyar ta dawo aiki. Wannan ma an yi mata rajista da sunansa, ya kuma sa aka ambaci Attahirou a matsayin maƙerin madubin. Ta uku ta biyo baya, wata 'yar na'ura mai auna zurfin ruwa da haske ba tare da an zura igiya ba.

Da farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun tamanin, aka sallami baƙi da yawa. Yaou ya koma gida ya buɗe shagon kayan famfo a Damagaram. Mijinyawa ya koma Kano. Hachimou an riƙe shi, don rijiyoyin Fezzan ba su daina shan yashi ba. Ya yi shekaru yana yawo daga gona zuwa gona da mota mai ɗauke da kyamararsa, yana koya wa matasan injiniyoyi, Larabawa da Tubawa da Buzaye, yadda ake karanta hoton rijiya. Duk shekara yakan ɗauki hutu ya kai kyamarar Nijar, ya duba rijiyoyin ƙauyukan Damagaram kyauta.

Da ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Safoura, wadda ta zama malamar jinya a Sabha, ta kai shi a yi masa aiki. Likitan ya yi masa bayani cewa za a cire ƙwayar idon da ta dushe a sa masa ta roba. Hachimou ya ce kafin a taɓa shi sai an nuna masa ita. Aka kawo wata cikin kwalba. Ya ɗaga ta wajen taga, ya juya, ya tambayi ƙarfinta, ya tambayi yadda aka auna idonsa, har likitan ya ja kujera ya zauna suka shiga lissafi. Safoura ta leƙo ta ce, "Baba, akwai mutane a layi fa." Ya miƙa wa likitan kwalbar, ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa, sannan ya hau gadon ya kwanta.